Abin Da Ƙafa Ke Takawa

In mutum ya tashi sayen keke, ko sabo ko na hannu, abin da ya kan fara dubawa shi ne taya. Ya latsa ta da babban yatsa, ya girgiza kan keken, ya matsa birki, ya kaɗa ƙararrawa, sa'an nan ya daddanna sirdi ya ji ko zai yi daɗin zama. Da wuya a ga wanda ya sunkuya ya kama feda ya jijjiga. Alhali kuwa duk ƙarfin da Allah ya ba mahayi ta nan ya ke bi kafin ya isa ga sarƙa, sarƙa ta kai shi ga taya. In mahayi na juya ƙafa sau 60 a minti guda, watau tafiyar da ba ta gaggawa ba, to, cikin awa ɗaya feda ta kewaya sau 3,600 ke nan, in kuwa da buhun masara a kariya, sai taku ya daɗa nauyi. Ita ke shan ƙura da rani, ta sha taɓo da damina, in keke ya faɗi ita ke fara bugun ƙasa. Duk da haka ba a tunawa da ita sai ran da ta ƙi.

A garin Bungudu, cikin Jihar Zamfara, akwai wani dattijo mai gyaran keke wanda ya tsufa a kan wannan ɗan ƙarfe da jama'a ke rainawa. Bungudu, garin Sarkin Fulani, tana bisa hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Sakkwato, ba ta kuwa da nisa da Gusau, mai keke ya kan yi sammako ya isa tun rana ba ta yi zafi ba. Ta ɗaya gefen Gusau, bisa hanyar Funtuwa da Zariya, nan Tsafe ta ke, inda 'Yandoto ke sarauta. To, a Tsafe aka haifi dattijon nan, a Gusau ya koyi sana'a, a Bungudu ya yi aure ya zauna. Rumfarsa ta kara ce, gindin wata bishiyar dogon yaro a bakin hanya. Dukiyar da ke cikinta ba ta wuce akwatin katako guda ba, da famfo, da kwanon ruwan neman huji, da gwangwanayen madara jere, ko wanne da abin da ke cikinsa: wannan noti, wannan washa, wannan boris. Boris su ne 'yan ƙwayoyin ƙarfen nan masu santsi da ke cikin duk abin da ke juyawa a jikin keke.

Sa'ad da ya zo Gusau yana yaro, tun ana kashe fam da sule, watau kafin naira ta fito a 1973, garin na cikin ganiyar cinikin auduga da gyaɗa. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta tsaya Ƙaura Namoda a 1929, ita ta jawo kamfanoni da kantuna da baƙi daga ko'ina. A zamanin nan keke ba abin wasa ba ne. Malamin makaranta, da malamin gona, da malamin asibiti, da akawun kanti, ko wanne burinsa ya mallaki Raleigh, wanda a ke ƙerawa a birnin Nottingham na Ingila, daga baya har aka kafa masana'antar haɗa shi a Kano. A kan yanka wa keke lasin a En'e, a kan goge shi ko wace safiya, a kwana da shi cikin ɗaki. Wanda ya saya ya saya ne don ya hau har tsufa, ya bar wa 'ya'ya gado. Saboda haka ba a yar da kome nasa. Abin da ya lalace buɗewa a ke yi a gyara.

Aikin fari da maigidansa ya ba shi shi ne wankin boris. A zuba masa su cikin gwangwani da kananzir, ya karkaɗa, ya tsame, ya goge da tsumma, ya ƙidaya. Wata rana ƙwaya guda ta kuɓuce masa ta faɗa cikin yashi, ya yi shiru, yana tsammani ba za a gane ba. Da maigida ya zo ɗaurawa ya ga giɓi, bai daka masa tsawa ba, bai kuma taɓa shi ba. Sai ya aika aka aro rariya daga cikin gida, ya ce masa ya tankaɗe yashin bakin rumfa sai ya gan ta. Yaro ya yini yana tankaɗe, mutane na wucewa suna dariya, sai dab da la'asar ta fito. Tun daga ran nan bai sake buɗe feda ba sai ya shimfiɗa tsumma a ƙarƙashinta. Ya kan ce karatun da aka yi masa ran nan ya fi na sauran shekarun duka, gama a nan ya san cewa ƙanƙantar abu ba ta rage masa muhimmanci.

Sannu a hankali zamani ya juya. Ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 ya sa ma'aikata da yawa suka bar keke suka hau babur. Kekunan Sin da na Indiya, irin su Phoenix da Hero, suka cika kasuwa. Aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta zama babban birninta, motoci suka yawaita, daga baya kuma babura masu araha suka shiga har ƙauyukan da ba su taɓa ganin kwalta ba. Keke ya koma na almajirai da manoma da 'yan makaranta. Abokan sana'ar dattijon da yawa suka koma gyaran babur. Ita ma feda ta sake kama. Aka shigo da wata iri ta roba mai araha wadda a ke danne bakinta tun daga masana'anta, ba noti balle a kwance, in ta mutu sai juji. Yara masu tasowa cikin sana'ar suka iya faci da canjin kaya, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin cikin feda.

Amma abin da aka jingine ba a rabu da shi ba. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Zamfara sun sake wa mutane lissafin tafiya. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci, ta ƙuntata sayar da mai da hawan babur. Sa'an nan ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kuɗin lita ya ninka cikin 'yan kwanaki. Nan fa aka shiga zauruka da ɗakunan ajiya ana jawo tsofaffin kekuna, ana kakkaɓe musu yanar gizo. Rumfar dattijo, wadda dā ta kan yini ba wanda ya yi sallama, ta sake cika.

Cikin waɗanda suka jawo keken gado akwai wani malamin firamare, mazaunin Bungudu, wanda ke koyarwa a wani ƙauye da ke nesa da bakin titi. Ya lissafa albashinsa, ya lissafa kuɗin mai, ya ga in ya ci gaba da hawan babur, to, babur zai riƙa yi wa aiki, ba iyali ba. Sai ya jingine shi, ya ɗauko Raleigh na marigayi mahaifinsa, ya sa masa sababbin taya, ya gyara birki, ya fara zuwa makaranta. Feda kuwa bai dube ta ba. Wata rana da yamma yana komowa, ta dama ta cije, ya taka da ƙarfi, sai gangar jikinta ta fice ta bar sanda tsirara. Takalminsa ya zame, ƙarfen ya yage masa ƙauri. Ya sauka ya ɗaure ciwon da hankici, ya kama tura keke yana ɗingishi, rana kuwa tana ta yin ƙasa. A shekarun nan ba wanda ke so magariba ta riske shi a dawa. Bai shigo gari ba sai da aka idar da salla, ya tarad da ƙannensa sun fito nema, uwargida ta kasa ko ɗora tukunya.

Gari na wayewa ya turo keken rumfar dattijo. Bayan sun gaisa, dattijo ya dubi keken, ya dubi ƙafar, ya ce, “Sannu, Malam. Tun yaushe ta fara yi maka magana?”

Malam ya ce, “Wa ke nan, Baba?”

Ya ce, “Fedar.”

Malam ya yi murmushi ya ce, “Ai ta fi wata biyu tana 'yar ƙara, na ɗauka tsufa ne kawai.”

Dattijo ya ce, “To, ba ta ci amanarka ba. Feda ba ta mutuwar fuju'a, sai ta yi gargaɗi sau uku. Da fari in ka kama ta ka jijjiga sai ka ji tana girgiɗi. In ka ƙyale ta, sai ta fara ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙafarka. In ka sake ƙyalewa, sai ta yi nauyi, ka juya ta da hannu ka ji kamar ana niƙan tsakuwa. Bayan wannan ba ta da sauran magana.”

Ta dama dai ta riga ta tafi, boris ɗinta sun zube a hanya, gurbinsu ya fashe. Dattijo ya tona akwati ya fito da wata tsohuwa irinta, wadda ya ajiye shekara da shekaru. Ta hagu kuwa ya ce tana da sauran rai. Malam ya karɓi sufana don ya taimaka, ya kafa, ya murɗa yadda a ke kwance ko wane noti, abu sai daɗa tsauri ya ke yi. Dattijo ya ce, “Tsaya, Malam, ɗaure ta ka ke yi.” Wannan shi ne abu na fari da ya kamata mai keke ya sani. Haƙoran murɗin fedar hagu a juye a ke yanka su, domin yadda sanda ke mirginawa cikin raminta sa'ad da a ke takawa, da an yi su irin na ta dama, da sai ta riƙa kwance kanta a kan hanya. Masu ƙera ta kan buga harafin L a ta hagu, R a ta dama. Hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce, in an kafa sufana mai lamba 15 tana tsaye sama, to, ko ta wane gefe ne, wajen tayar baya a ke tura ta a kwance, wajen ta gaba a ɗaure.

Da feda ta fita, ya shimfiɗa tsummansa, ya cire murfin da ke bakinta. A ƙarƙashin murfin akwai noti biyu da washa a tsakaninsu. Na waje aikinsa kulli ne kawai. Na ciki kuwa bakinsa a fiƙe ya ke kamar mazurari, shi ke danne boris cikin gurbinsu. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya jera bisa tsumma yadda suka fito, ya kifa fedar, ƙwayoyi suka zubo, ko wacce kamar ƙwayar dawa. Layi biyu ne, ɗaya a bakin waje, ɗaya a gindi wajen hannun feda. Abin da ya fito tare da su ba za a ce masa giris ba, wani baƙin ƙulli ne mai kama da ƙasar tukwane. Ƙurar hunturu ce ta shiga ta gauraya da ɗan man da ya saura, ruwan damina ya bi baya ya kawo tsatsa, har abin da aka zuba don ya hana gogayya ya zama shi ne dutsen wasawa.

Ya wanke kome da kananzir, ya goge, sa'an nan ya shiga bincike. Ya mirgina sandar bisa murfin akwati ya ga ko ta tanƙware, domin sandar da ta tanƙware ita ke sa mahayi ya ji ƙafarsa na rawa, kwana biyu kuwa gwiwa ta fara ciwo. Ya bi bakin notin ciki da farce, ya bi cikin gurbi, yana neman 'yan ramuka. In akwai su, kome girisin da aka zuba aikin banza ne, sai an sake wannan ƙarfen. Bai samu ba, sai ya yi hamdala. Tsofaffin boris kuwa ya kawar da su duka, ya ƙirgo sababbi. Malam ya ce, “Baba, ai wasunsu da kyau.” Ya ce, “Da kyau a ido. Tsohuwa ta riga ta ragu, in ka haɗa ta da sabuwa, sabuwar kaɗai za ta ɗauki kaya, ta gaji da wuri.”

Ya lakato giris da yatsa ya shafe gurbi, ya dasa ƙwayoyin ciki ɗaya ɗaya kamar mai shuka, girisin ya riƙe su. Bai cika layin maƙil ba, ya bar ɗan fili, domin in suka matsu da juna ba su mirgina. Ya zura sanda a hankali, ya mai da notin ciki, ya murɗa da yatsu har ya taɓa boris, kāna ya ɗan komo da shi baya, ya sa washa, ya kulle da na waje. Ya jijjiga, ya juya, ya girgiza kai, ya kwance ya sake. Sai da ya yi haka sau uku, domin kullin notin waje shi ma ya kan ƙara matsi. A nan gwanintar ta ke duka. In an matse da yawa feda ta shaƙe, ta ci kanta. In an sassauta da yawa ta yi girgiɗi, ko wane taku ya zama guduma a kan boris. Abin da a ke nema tsakani ne, ta juya sumul ba ta kuwa motsi gefe, kuma ba ma'aunin da ke nuna wannan sai yatsu. Daga ƙarshe ya shafa wa haƙoran murɗi giris don kada tsatsa ta kama su, ya fara ɗaurawa da hannu sai da ya tabbata ta hau daidai, sa'an nan ya kawo sufana. Ya gargaɗi Malam da abu biyu: kada ya wanke keke cikin gulbi, kada kuma ya ɗura wa feda baƙin man da aka juye daga inji, gama da dattinsa ya ke zuwa, ba ya kuwa zama. Abin da Malam ya biya bai kai abin da babur ke sha a kwana biyu ba.

Ba a daɗe da wannan ba aka kawo wa dattijo abin da bai taɓa gani ba. Wani saurayi ne, ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013. Ya sayi keken tsere na gwanjo, irin waɗanda a ke shigowa da su daga Turai, siriri, mara nauyi, ya kan fita da shi da sassafe bisa hanyar Sakkwato. Ya iso rumfa gwiwarsa a goge, yana tura keken, takalmansa na ƙwas-ƙwas. Fedar keken ba ta da faɗin da za a ɗora ƙafa, wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai baki kamar tarko. Ya ce ya kai ta wurare biyu a Gusau, an ce masa ya yar ya sa ta roba, har wani ya kwatanta masa rumfar nan.

Dattijo ya jujjuya ta, ya ce, “Samari, ni dai ban san wannan ba. Gaya mini yadda ta ke aiki, ni kuma in gaya maka abin da ke damunta.” Ba ko wane gwani ke iya faɗin haka a gaban yaro ba.

Saurayi ya tuɓe takalmi ya nuna masa wani ɗan ƙarfe da aka ɗaure a tafinsa da sukuru biyu. In mahayi ya taka, ƙarfen nan sai ya shige bakin feda, wata waya mai tsalle ta kama shi, ƙafa da feda su zama abu guda. In yana so ya sauka, sai ya karkata diddige waje, ta sake shi. Asalin abin kuwa daga masu tsere ne. Dā su kan zura ƙafa cikin wani ɗan kejin ƙarfe su ɗaure da maɗaurin fata, in za su tsaya sai sun sunkuya sun kwance da hannu. A 1984 wani kamfanin Faransa mai suna Look, wanda ya saba ƙera abin da ke riƙe takalmi a jikin allunan zamiya bisa ƙanƙara, ya fito da feda mai kama takalmi da kanta. A 1985 Bernard Hinault ya ci babban tseren kewaya Faransa da ita, daga nan masu tsere suka rungume ta. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya fito da irin wadda ƙarfenta ke ɓuya cikin tafin takalmi, don mutum ya iya sauka ya yi tafiya. Da ya ke ta kori kejin nan da maɗaurinsa, Turawa na kiranta marar maɗauri, ko da ya ke ta fi na dā riƙo. Saurayin ya ƙara da labarin Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritiriya, wanda a 2024 ya zama baƙar fata na fari daga Afirka da ya ci zango a tseren na Faransa. Shi ya sa masa sha'awar abin.

Dattijo ya saurara har ya gama, sa'an nan ya ce, “To, mene ne ya kā da kai?” Saurayi ya ce ya zo tsayawa ne a bakin wata mararraba, ya karkata diddige, feda ta ƙi sakinsa, suka zube tare da keken, Allah ya kiyaye ba mota a bayansa. Dattijo ya kama fedar ya jijjiga, ya juya ta kusa da kunnensa, ya ce, “Bakinta baƙo ne, amma kukanta na sani.”

Sai dai wata wahala ta taso. Idon dattijo ya yi rauni, kayan cikin fedar nan kuwa ƙanana ne ƙwarai. Ba ta da murfi a waje, sandar da boris ɗinta duk a haɗe su ke, ana zaro su ne ta gindi bayan an kwance wani zoben roba. Ya laluba bai gane inda za a murɗa ba. Sai ya kira jikansa, wani yaro ɗan sakandare da ya kan zauna a rumfa bayan an tashi makaranta, ba don yana so ba, sai don uwarsa ta ce. Ya ce, “Abokina, zo ka ara mini ido.” Yaro ya duba, ya ce, “Baba Tsoho, ga wata 'yar kibiya nan an zana, tana nuna wajen ɗauri.” Dattijo ya yanko ƙyallen tsohon tif ya naɗe zoben don kada ya farfashe, ya kama a hankali, ya murɗa saɓanin kibiyar, sanda ta fito.

Da aka goge baƙin man da ke jikinta, sai dattijo ya yi dariya. Ga notin kulli, ga noti mai baki kamar mazurari, ga boris layi biyu. Ba abin da ya bambanta ta da fedar Raleigh sai ƙanƙanta, gama waɗannan ƙwayoyin ba su wuce ƙwayar gero ba. Ashe abin da aka tankaɗe yashi dominsa a Gusau shekaru aru-aru, shi ne dai a cikin keken tseren Turai. Ba kuwa abin mamaki ba ne, domin tun a 1869 aka fara sa boris a keke a birnin Paris, har yau ba a sami abin da ya kore su ba. Yaro ya wanke su ya ƙidaya bisa tsumma, ya dasa su da tsinke, dattijo ya karɓa ya daidaita matsin da yatsunsa, idonsa a rufe. Suka cika ramin feda da sabon giris, suka murɗa sandar ciki, tsohon datti ya tuttuɗo ta gindi, suka share.

Saura bakin da ya ƙi saki. Suka kankare busasshen taɓon da ya cushe wayar mai tsalle, suka ɗiga mata mai kaɗan a magamarta. Saurayi ya nuna wani ɗan sukuru da ke ƙara mata ƙarfi ko ya rage, aka sassauta shi. Dattijo ya karɓi takalmin ya shafa ƙarfen tafinsa, ya ji gefensa ya cinye ya yi kaifi, ya ce, “Rabin laifin a nan ya ke. Wannan ba ya gyaruwa, sai ka nemi sabo, domin wanda ya cinye ko dai ya ƙi fita sa'ad da ka ke so, ko ya fice sa'ad da ba ka so. Kafin ka samu, ka jingina da bango ka yi ta gwada shiga da fita, sai ƙafarka ta iya ba da shawararka ba.” Wani manomi da ke zaune yana jiran faci ya tambaya ko shi ma a sa masa irinta. Dattijo ya ce, “A'a, Alhaji. Wannan ta mai tsere ce. Mai ɗaukar taki, wanda zai dira cikin yashi sau goma kafin ya kai gona, faffaɗar feda ita ce tasa.”

Wanda ya dubi wannan al'amari zai ga ba maganar keke kaɗai ba ce. Ƙasar da kayanta daga nesa su ke zuwa, kuɗinsu kuwa kullum hawa ya ke yi, ba ta da dukiyar da ta fi hannun da ya iya buɗe abu ya gyara. Sabon kaya kuɗi ke sayensa, amma sanin inda matsi ya isa ba a sayar da shi a kanti, daga yatsu ya ke zuwa yatsu, in kuwa aka sami tsara guda da ba ta karɓa ba, ya tafi ke nan. Abin da ke damun dattijon ke nan, ba tsufa ba. 'Ya'yansa duk sun kama wasu hanyoyi, jikan nan kuma gyaran babur ya ke so. Dattijo bai hana shi ba. Ya ce masa dai ya je, amma ya sani in ya buɗe wuyan babur, boris zai tarar da noti mai matse su, wanda kuwa ya iya daidaita na feda ba zai ji tsoron na wuya ba. Tun ran da aka buɗe fedar ɗalibin nan yaron ya rage guje wa rumfa. Ko zai zauna cikin sana'ar, Allah kaɗai ya sani. An dai ga ya sami tsumma nasa na kansa, ba ya kuwa kwance kome sai ya shimfiɗa shi.

Mai keke kuma nasa aikin kaɗan ne. Ko wace Juma'a ya sunkuya ya kama feda ya jijjiga, ya juya ta ya saurara. In damina ta wuce ya kai a buɗe a sa giris, kafin ƙurar hunturu ta sauko. Rigakafi ya fi magani, balle a ƙasar da lalacewar abin hawa a hanya ba ɓata lokaci kaɗai ta ke jawowa ba.

Malamin nan ya kan wuce ta gaban rumfa ko wace safiya, littattafan yara ɗaure a kariya, ya ɗaga hannu ya ce, “Baba, barka da asuba.” Dattijo ba ya ganin fuskarsa sosai, amma ya kan karkata kunne ya bi keken har ya yi nisa. In bai ji kome ba sai shuuu ɗin taya bisa kwalta, sai ya gyaɗa kai ya koma kan aikinsa, domin fedar da ke lafiya ba ta da murya. Allah ya kai ko wane matafiyi gida tun da sauran rana, amin.